Tazarar Yatsu Biyu

"...Gajiya ta bi lafiya, iyali ma suna nan ƙalau. Ganinki da sassafe ne dai ba ya cikin abin da na roƙa."

"Ni ban tambaye ka iyali ba. Matarka na tambaya, baiwar Allah, ko har yanzu tana haƙuri da kai."

"Tana nan. Ta ce a gaishe da marasa aikin yi."

Ƙarfe tara saura kwata na safe ke nan, a zauren da ake baje kolin ayyukan fasaha. Ɗaki ne dogo mai farin bango, da tagogi shida a jere a gefe guda, daɓensa an goge har yana ɗaukar ido. Sai ƙarfe goma za a buɗe wa jama'a. Mai walda ya riga kowa zuwa, tun bakwai da rabi mai gadi ya buɗe masa. Wadda ta shigo yanzu tana yi masa tsiya kuwa taubashiyarsa ce, 'yar gwaggonsa, malamar koyar da zane. Shi yana kiranta Farfesa don ya ba ta haushi. Ita tana kiransa Tartsatsi tun ranar da ya fara riƙe injin walda ya babbake girarsa ta hagu.

Abin da ya haɗa su yana tsakiyar ɗakin. Faifan baƙin ƙarfe ne guda biyu, kowanne tsawonsa ƙafa bakwai, faɗinsa ƙafa biyu, kowanne a kan nasa gindin. Babu fenti, babu ado. Ita ta zana, shi ya yanka ya yi walda. A zanenta, ɗaya yana tsaye sak, ɗayan ya karkato zuwa gare shi har saura yatsu biyu kawunansu su haɗu. Haka aka ƙera su, haka aka sauke su daga mota jiya da yamma.

Yau da safe kuwa duka biyun a miƙe suke kamar sojoji a fareti, an kuma rufe gindin na biyun da wani guntun kafet. Tartsatsi ya tsaya a gaban kafet ɗin, ya baza rigarsa, yana ta jan gaisuwa.

"Ya makaranta? Ya ɗalibai? Har yanzu kina koya musu zana akwati?"

"Matsa."

"Ya Gwaggo da ƙafa?"

"Jiya kuka yi waya da ita, ka fi ni sani. Matsa na ce, ka tare mini haske da wannan ƙaton kan naka."

Ya matsa taku ɗaya, ba da son ransa ba. Farfesa ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta zagaya sau ɗaya. Sannan ta sa tsinin takalminta ta yaye kafet ɗin. Weji uku, wato guntayen katako masu tsini na tokari, suna cushe a ƙarƙashin gindin ta gefe guda, an fere su tsaf, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

"Inna lillahi! Tartsatsi, me ka yi wa aikina?"

"Taimako. Ba sai kin gode ba, ai ke 'yar gida ce."

"Ka miƙar da shi!"

"Na ɗora ma'aunin ruwa na magina, ƙwayar cikinsa ta zauna daram a tsakiya. Zo ki gani da idonki. Tun da aka gina ɗakin nan ba a taɓa shigo da abu mai miƙewa irin wannan ba."

"Wata biyar na yi ina lissafin karkatar nan!"

"Ni kuma minti ashirin na yi da jak ɗin mota na warkar da ita. Kin ga bambancin mai sana'a da mai karatu ke nan."

Ta tafa hannu, ta riƙe haɓa. "To yanzu mene ne wannan? Dube shi don Allah. Ƙyauren banɗaki biyu suna jiran kafinta."

"Da fa? Da ma ƙyauren banɗaki biyu ne, sai dai ɗaya jiri na ɗibarsa."

"Jahili."

"Na amsa. To sanar da jahili, me abin yake nufi? Sati shida ina tambayarki a shago, kina ce mini in dai yi walda. Matata ta ce miji da mata ne, ɗaya yana lallashi. Mai facin da ke kusa da ni ya ce mutum ne yake raɗa wa abokinsa gulma. Ni kuwa na ce katanga ce za ta faɗo wa mutane, a kira mai gida."

"Duk sun fi ka hankali, har mai facin."

"Wanne ne daidai a ciki?"

"Babu wanda ba daidai ba sai naka."

"Ka ji sana'a! Kowa ya faɗi abin da ya ga dama a ce ya ci. Da haka jarrabawa take, da ni ma yanzu farfesa ne, ke kina riƙe mini jaka."

"Ba a tsare abin nan da tambaya kamar ɓarawo. Tsayawa ake yi a gabansa a ji abin da ya yi wa mutum. Jiya da aka sauke shi, mai gadi ya zo wucewa. Na gan shi ya rage tafiya, ya ɗaga kai, ya riƙe numfashi, sannan ya raɓa ta gefe. Aikin ke nan gaba ɗaya. Yau da ka miƙar da shi, ko kaza ba za ta waiga ba."

"Tsoro ya ji kada ya danne shi. In dai firgita mutane ne fasaha, ai fuskarki ta isa, ba sai an ɓata ƙarfe ba."

Ya yi dariya, amma dariyar iyakarta haƙora. Shekara ashirin da shida Tartsatsi yana walda. Ya ƙera ƙofofin gida ɗari huɗu da 'yan kai, masu furanni da masu lanƙwashe-lanƙwashe, har da ta wani babban otal mai dawisu biyu, kowane gashi da hannu ya murɗe shi. Babu wanda ya taɓa share farin ɗaki ya kunna fitilu dominsu. Wannan bai dame shi ba sosai. Abin da ya tsaya masa a rai mahaifinsa ne, tsohon mai walda ɗan shekara tamanin da ɗaya, wanda ya koya masa sana'ar. Tsohon bai taɓa taka ƙafa ya je ya dubi ƙofa ko ɗaya ba. In an ba shi labari sai ya ce "to," ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Wata takwas ke nan ciwon gwiwa ya hana shi fita ko ƙofar gida. Sai ga shi jiya Gwaggo ta bugo waya tana murna, wai yayanta ya sa an goge masa farar riga, ya ce a nemo masa tasi, zai zo ya ga aikin 'yar ƙanwarsa.

Farfesa ta ƙura masa ido, sai ga murmushin mugunta yana taso mata a hankali.

"Kawu ne."

"Wane Kawu?"

"Ubanka, kawuna, masoyina. Ka ji zai zo, shi ne kishi ya tashe ka da sanyin safiya kana feren katako."

"Kishi? Da ke? A kan ƙyauren banɗaki?"

"Farar riga aka goge masa, Tartsatsi. Fara sol. Ranar da ka buɗe shagonka wace riga ya sa?"

"Mura yake yi ranar."

"Ranar da ka kafa mai dawisun fa?"

"Ruwa aka yi."

"Yayyafin minti goma. Ina wurin, ko lema ban buɗe ba."

"Ke ai tun kina tatata kika sace mini uba. Ni a miƙo mini guduma, ke a miƙa miki alli. In na taɓa tef ɗinsa na awo sai ranƙwashi. Ke kuwa kika zane masa bangon shago da gawayi, ya hana a goge har shekara uku."

"Huɗu."

"Kin gani? Har ƙirgawa kike yi!"

"Laifina ne da aka yi ni kyakkyawa? Kai da aka haife ka, ungozoma ta nemi a ba ta hutun wata guda."

"Ke kuma a karkace kika fito, shi ya sa har yau ba ki san miƙaƙƙen layi ba. Dubi ɗaurin ɗankwalinki ma."

Ta kai hannu kanta kafin ta ankara, ta sauke da sauri ta yi tsaki. Wannan ya faranta masa rai, amma na ɗan lokaci. Ya juya ya dubi gindin faifan, inda layin waldarsa ya kwanta daga wannan gefe zuwa wancan kamar kitso. Muryarsa ta sauka.

"Zai gane hannuna ne. Ko ido a rufe ya shafa walda ya san tawa. Mutumin da in ƙafar teburi ta kauce da kaurin ashana sai ya sa na yanke na sake, a gaban mai kaya. Zai shigo ya ga abu a gicciye, ya ce shekara ashirin da shida yaron nan bai iya tsai da ƙarfe ba. Ke a tafa miki, ni a ce na ɓata."

Ya ɗauka za ta tausaya masa. Sai ta ce, "Ashe kai wawa ne na gaske, ba na wasa ba."

"Na gode."

"Miƙaƙƙen faife, wanda ya fara koyo wata uku ma zai tsayar. Wannan kuwa kilo ɗari da tamanin ne a karkace, ba tokari, ba igiya, sai layin walda ɗaya a gindi. In yana miƙe, wa zai dubi ƙasa? In ya karkata kuwa, dole ido ya sauka ya nemi abin da ya riƙe shi. Masu walda uku na kai wa zanen nan kafin in zo wurinka, dukkansu suka ce ba zai tsaya ba."

Tartsatsi ya ɗago kai da sauri. "Uku?"

"Uku."

"Kafin ni? Ni ne na huɗu?"

"Abin da ka ji ke nan a duk bayanin da na yi?"

"Su wa da wa? Kada dai ki ce har da mai rawar hannun nan na bakin kasuwa, wanda waldarsa kamar kashin kaji!"

"Shi na fara kai wa. Yana da ladabi, har kujera ya ba ni."

"Cin amana! Jinina, 'yar gwaggona, wadda na goya a bayana ta yi mini fitsari a rigar makaranta!"

"Bakinka nake gudu, ga shi kuwa ban tsira ba. Cire wejin nan. Ka san Kawu ba ya zuwa a kan lokaci, kafin lokaci yake zuwa."

"Ba zan cire ba sai kin faɗa da bakinki cewa ni ne sarkin masu walda, ke kuma baiwata ce."

"Cire, ko in gaya wa Kawu wanda ya fasa masa baƙin gilashin walda shekara talatin da suka wuce, aka ɗora wa kyanwa."

"Ba ki da shaida."

"Ni na ba da shaida a kan kyanwar. Zan iya janyewa."

Ya dube ta, ya dubi agogon bango. Tara da minti goma sha biyu. Ya yi ƙwafa, ya fita wurin motarsa ya dawo da jak. Ya durƙusa ya kafa shi a ƙarƙashin leɓen gindin, ya ɗaga kaɗan, ya zare weji na farko, na biyu, na uku, yana jera su a gefe. Sannan ya fara sassauta jak ɗin rabin juyi rabin juyi. Faifan ya soma sunkuyowa a hankali, ba ƙara, ba girgiza. Farfesa ta jawo kujerar mai gadi ta hau, ta miƙa hannu sama tsakanin kawunan biyu.

"Matso da shi kaɗan. Ƙara. Tsaya! Yatsu biyu."

"Yatsun wa? In nawa ne da saura."

"Nawa, na mutane. Ba naka masu kama da ƙotar guduma ba."

Ya naɗe kafet ɗin ya cusa wejin a ciki, ya kai bayan ƙofa. Da ya dawo sai ya tsaya daga nesa, wajen taga ta uku. A shago bai taɓa ganin abin daga nesa ba, kullum yana tsakanin tarkacen ƙarfe da wayoyi. A nan kuwa babu komai sai farin bango a bayansa, da siririn haske da ya ratsa tsakanin kawunan biyu. Ya san nauyin faifan, shi ya auna. Ya san ba zai motsa ba, shi ya riƙe shi. Duk da haka ya ji numfashinsa ya tsaya a rabin hanya, yana jiran su taɓa juna.

"Me ka ji?" in ji Farfesa daga bayansa.

"Yunwa."

"Maƙaryaci."

Tara da minti talatin da biyar suka ji ƙwanƙwasar sanda a daɓe. Tsohon ya shigo shi kaɗai, a hankali, farar rigar tana ta ƙamshin guga. Farfesa ta ruga ta tarye shi tana "Kawu! Kawu, sannu da hanya!" Ya dafa kanta yana murmushi. Tartsatsi ya rusuna ya gaishe shi, tsohon ya amsa da kai, idonsa na kan ƙarfen.

Kallo ɗaya ya yi wa saman. Daga nan idonsa ya gangaro ta jikin faifan da ya karkata, kamar mai bin sawun nauyi, har ya sauka a gindi. Ya miƙa wa Farfesa sandarsa, ya dafa kafaɗarta, ya lanƙwasa gwiwar nan mai ciwo yana cije leɓe. Ya ɗora babban yatsansa a kan layin waldar, ya bi shi daga farko har ƙarshe. Ya sake dawowa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni, Kawu," in ji Farfesa. "Da hannun hagu ma."

"Ke da ko ashana ba ki iya ƙyastawa ba." Bai ɗago ba, bai kuma kira sunan kowa ba. "Sau nawa ka bi?"

"Sau uku, Baba."

"Ka ɗumama ƙarfen kafin ka fara?"

"Na ɗumama."

"Ka sa masa ruwa?"

"A'a. Yini guda na bar shi ya huce da kansa."

Tsohon ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa, ya saurara.

"Da ni aka kawo wa aikin nan a zamanina, da ban karɓa ba," ya ce. "Da na ji tsoronsa."

Tartsatsi ya shiga gyara maɓallin hannun rigarsa wanda ba abin da ya same shi.

Tsohon ya ce a miƙo masa kujera. Aka miƙo. Ya zauna dab da gindin, ya sunkuya, ya ci gaba da kallon waldar. Minti biyar suka wuce. Farfesa ta yi gyaran murya.

"Kawu, aikin fa a sama yake."

"Ina zuwa."

Wasu minti biyar suka wuce, bai zo ba. Ta koma kusa da taubashinta, ta harɗe hannu a ƙirji, tana magana ta gefen baki.

"Wata biyar ina lissafi. Takarda ta fi ɗari na yaga. Mutum ya sa farar riga ya hau tasi don ya zo ya kalli gindin ƙarfe."

"Subhanallahi, Farfesa, me nake ji haka? Kishi?"

"Da kai? Allah ya sawwaƙe."

"Ki yi haƙuri, ba laifinki ba ne. Wasu an yi su kyawawa, wasu kuma an yi su da hannu."

"Zan tona maganar kyanwa."

"Tona. Yau ko shagon na ƙone masa zai yafe."

Ya so ya ƙara, don yana da sauran guda uku a baki, kuma shekara arba'in yake jiran rana irin wannan. Sai ya lura ba ta rama ba. Ta kawar da kai wajen taga, irin yadda take yi tun suna yara in an raba abu an tsallake ta. Daɗin ya fita daga abin. Ya yi tsaki a ransa, ya je ya tsuguna kusa da kujerar.

"Baba, ni riƙewa kawai na yi. Da ni ne, miƙe shi zan yi. Yau da safe ma sai da na miƙar da shi da weji, ya koma ba komai ba. Karkatar tata ce, ita ta san inda za a tsaya. Daga nan ba za ka gani ba. Tashi in mayar da kai baya."

Ya ɗaga shi, ya ja kujerar zuwa wajen taga ta uku, ya zaunar da shi. Tsohon ya jingina, ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. A hankali kansa ya fara karkata gefe guda, hannunsa ya damƙe kan sandar.

"Ai ba su taɓa juna ba," ya ce.

"Ba za su taɓa ba, Kawu."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Ikon Allah." Bai sauke kai ba. Ya miƙa hannu yana laluben nata. "Zo nan, 'yar nan. Zauna ki gaya mini yadda aka yi wannan ya zo miki a kai."

Farfesa ta durƙusa a gefensa. Kafin ta fara, ta waigo ta yi wa Tartsatsi gwalo, ita da ɗalibai suke miƙewa in ta shiga aji.

"Kin ci," in ji shi, yana dariya, wannan karon har cikinsa. "Na ba ki aron ubana zuwa ƙarfe goma sha biyu. Ki dawo mini da shi yadda na ba ki."

"Aro? Ɗauki tsummar kafet ɗinka ka fita, ana hira da manya."

Ya ɗauka ya fita, yana ta dariya har bakin mota.